Jitar Sahara: kwaikwayon Amurka ce ko kiɗan gida ne?

Wani ɗan'uwa daga Maraɗi ya aiko da tambaya. Ya ce ƙanensa ya cika masa waya da kiɗan Ali Farka Touré da Tinariwen da Bombino da Mdou Moctar, shi kuwa duk ɗaya yake jin su a kunnensa. Ya kuma ga Turawa suna kiran kiɗan da "desert blues", wato blues na hamada, shi kuwa blues kiɗan baƙaƙen fatar Amurka ne. To shin waɗannan bayin Allah kwaikwayon baƙaƙen fatar Amurka suke yi? In kuma ba haka ba ne, mene ne ya raba wannan da wancan?

Malam, ba kwaikwayo ba ne, kuma ba abu ɗaya ba ne. Na daɗe ina aikin haɗa sauti, a situdiyo da kuma filin biki, kuma wannan kiɗa yana cikin waɗanda na fi daɗewa ina saurara da kunnen aiki. Sunan da ka gani na masu sayar da faifai ne a Turai, suna neman kalmar da mai saye zai gane. Su masu abin ba haka suke kiransa ba. Abzinawa sukan ce assouf, kalmar da ta haɗa kewa da begen gida da kaɗaicin daji, ko su ce kiɗan ishumar, wato samarinsu marasa aikin yi, ko kawai su ce jita.

Hanyar da za ka bi ka raba su ita ce ka tambayi kanka: wane kayan kiɗa ne jitar nan ta karɓi aikinsa? Domin kafin jita ta iso ba a zaune ake shiru ba. Songhai suna da jurkel, mai tsirkiya ɗaya kamar kuntiginmu, da njarka, wadda ɗan'uwan kukuma ce. Fulani suna da hoddu, Bambara suna da ngoni, duk dangin molo ne. Abzinawa suna da tehardent da maƙera suke kaɗawa, da imzad, goge ne na mata, sai kuma tende. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai gurmi ko mai garaya ya san yadda hannunsa yake aiki: babban yatsa yana riƙe da amo guda a ƙasa, ba ya sakinsa, sauran yatsu suna kai da komowa a sama. Kiɗan ba ya barin gida, zagaye yake yi yana dawowa, kowane zagaye da ɗan canji kaɗan. Muryoyin da ake takawa kuma biyar ne, ba bakwai na do-re-mi da ake koyarwa a makaranta ba. Wannan hannu shi aka ɗauka aka ɗora wa jita. Shi ya sa kunnenka na Bahaushe ya ji su duk ɗaya. Ba kuskure ka yi ba, tushen ka ji.

Bari mu fara da Ali Farka, don shi ne dattijon. An haife shi a 1939 a wani ƙauye mai suna Kanau a yankin Timbuktu, ya tashi a Niafunké, a bakin kogin Kwara. Shi ne ɗa na goma wurin mahaifiyarsa, kuma shi kaɗai ya rayu cikin mazan. Shi ya sa aka laƙaba masa Farka, wato jaki a harshen Songhai, saboda taurin rai da juriya. Mu ma mun san irin wannan suna, wanda ake ba yaron da aka daɗe ana haihuwa suna komawa. Gidansu ba gidan makaɗa ba ne, kuma a ƙasar Mali wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin kiɗa gado ne na wasu gidaje. Da kansa ya koyi jurkel da njarka yana yaro, yana bin wuraren kiɗan iskoki na Songhai, wanda suke kira holey, mai kama da borinmu. Shi da bakinsa ya sha faɗin cewa daga can kiɗansa ya fito. A 1956 ya ga Keita Fodéba na ƙasar Gini yana kaɗa jita, abin ya shiga ransa. Jitarsa ta kansa kuwa sai a 1968 ya saye ta, a ƙasar Bulgeriya, lokacin da ya je wakiltar Mali. Daga baya ya yi aiki a gidan rediyon Mali yana haɗa sauti.

A ƙarshen shekarun 1960 aka kunna masa faifan John Lee Hooker, wani mawaƙin Amurka. Da ya ji sai ya ɗauka kiɗan ƙasarsu ne. Lura da jerin shekarun: ya riga ya ƙware a hannunsa kafin ya ji mutumin. Har ya rasu yana ƙin a kira shi ɗan blues, yana cewa saiwar tana wurinsu, can rassa ne kawai.

A nan zan faɗi ra'ayina, ko da masoyansa ba za su so ba. Ali ya yi gaskiya, amma ba duka ba. Gaskiya ne bayin da aka kwasa daga yammacin Afirka sun tafi da kunnensu da hannunsu, kuma banjo, wani kayan kiɗa mai tsirkiya na Amurka, jikan irin waɗannan molaye ne. Sai dai blues a Amurka aka haife shi, cikin wahalar da mutanen can suka sha, kuma yana da tsarinsa. Yawancinsa mai kiɗan yakan tashi daga gida, wato amon da ya fara da shi, ya leƙa maƙwabci na farko, wato wani amon, ya dawo, ya leƙa na biyu, ya sake dawowa, cikin ƙidaya sha biyu. Ali ba ya leƙa kowa. Abin da ya sa ya ji Hooker kamar ɗan garinsu shi ne Hooker yana cikin 'yan kaɗan da suke zama kan amo guda su yi ta tuƙa shi. Dangantaka ce ta jini, ba ta malami da almajiri ba.

In ka kunna Ali, abin da za ka ji kiɗan kogi ne. Ba ya sauri. Jitar ba ta ihu, kowace tsirkiya tana fita sarai, a bayanta ƙwarya ce kife ana bugunta da dunƙulen hannu da yatsu. Yana waƙa da Songhai da Fulatanci da Tamashek, harshen Abzinawa, da Bambara, kuma salon yakan sauya da harshen, domin kowace ƙabila da takenta. Faifansa na 1994 da Ry Cooder, wani mai jita ɗan Amurka, ya ci Grammy, babbar kyautar kiɗa ta Amurka, wanda ya yi da Toumani Diabaté mai kaɗa kora, wani kayan kiɗa mai tsirkiyoyi da yawa, a 2005 shi ma ya ci. Amma abin da ya fi burge ni a rayuwarsa ba kyaututtukan ba ne. Mutumin nan yana tsakiyar suna a duniya ya koma Niafunké ya kama noman rani, ya zuba kuɗin kiɗa a injinan ban ruwa, yana ce wa 'yan jarida shi manomi ne kafin makaɗi. Akwai faifan da dole aka kwashi na'urori aka bi shi har garin aka ɗauka, don ya ƙi barin gona. A 2004 aka zaɓe shi magajin gari, ya yi aikin hanya da magudanar ruwa da wutar lantarki da kuɗin aljihunsa. Ya rasu a Maris 2006, Allah ya jiƙansa. Ɗansa Vieux ya gaji jitar.

Tinariwen labarinsu daban ne ƙwarai, kuma ba za ka fahimci kiɗan ba sai ka san labarin. Wanda ya kafa ƙungiyar, Ibrahim Ag Alhabib, ɗan arewacin Mali ne, daga duwatsun yankin Kidal. Yana ƙaramin yaro aka kashe mahaifinsa a tawayen Abzinawa na 1963. Ya tashi a gudun hijira a kudancin Aljeriya. Sai ga farin 1973 da 1974 ya cinye dabbobi, samarin Abzinawa dubbai suka bar daji suka shiga biranen Aljeriya da Libiya neman aikin lebura, ba takarda, ba sana'a. Su ake kira ishumar, daga kalmar Faransanci da take nufin marar aikin yi. Ibrahim ya haɗa jitarsa ta farko da gwangwani da sanda da wayar birkin keke. Wajen 1979 ya haɗu da abokansa a Tamanrasset, daga baya suka shiga sansanonin horon soja na Gaddafi a Libiya. A can waƙoƙin suka zama saƙo. Ba su da rediyo, ba su da jarida, kaset ne jaridarsu. Duk wanda ya kawo kaset marar komai sai a cika masa, shi kuma ya kwafa wa wani, har ya kai Kidal da Agadas. A shekarun tawayen 1990 kama mutum da irin wannan kaset ba wasa ba ne. Wasu daga cikinsu sun riƙe bindiga a wannan tawaye, bayan sulhu suka ajiye suka koma ga jita. Sunan ƙungiyar jam'in tenere ne, wato hamada.

Jitar Tinariwen ba molo kawai ta gada ba, ta gaji tende. Shi tende turmi ne na daka. Mata su ɗaure bakinsa da fatar akuya, su ɗora taɓarya biyu a gefe, mata biyu su zauna a kai don fatar ta ɗame, ana yayyafa mata ruwa. Ɗaya tana bugu, ɗaya tana bayar da waƙa, sauran suna amshi da tafi, ana rangaɗa guɗa, maza kuma suna kewaya su bisa raƙuma, raƙuman suna taka ƙafa daidai da kiɗan. Wani lokaci har da ƙwarya kife cikin ruwa, irin wadda matanmu suke bugawa a kiɗan amada. To wannan taku na raƙumi shi ne ƙashin bayan Tinariwen. Za ka ji jita uku ko huɗu, ba wadda take neman ta danne 'yar'uwarta, murya ɗaya ƙasa-ƙasa kamar mai magana, sai jama'a su amsa, sai tafi. Ali mutum ɗaya ne yana ba da labari. Tinariwen zaman dare ne a bakin wuta, ana shan shayi, kowa da bakinsa a ciki. Su kuma, ba kamar Ali ba, sun saurari kiɗan waje tun da wuri: na Larabawan Aljeriya da Maroko, da Bob Marley, da Jimi Hendrix, gwanin jita na Amurka, duk a kaset. Sun ci Grammy a 2012, shekarar da masu ɗauke da makamai suka mamaye arewacin Mali suka haramta kiɗa a garuruwan da suka kama. Bikin kiɗan hamada da aka fara a 2001, wanda ya ɗaga sunansu, tun daga lokacin bai sake zama a gida ba.

Yanzu mu shigo Nijar, inda kai ka fi ni sanin hanya. Wanda ya dasa wannan jita a ƙasar shi ne Abdallah Oumbadougou, wanda ya rasu a 2020. Shi ma ɗan ishumar ne, ya yi zaman Aljeriya da Libiya. Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995 tsakanin gwamnatin Nijar da 'yan tawayen Abzinawa ne kiɗan ya fito daga ɓoye ya shiga fili, kuma nan ne ya canza kama. Waƙar da ake saurara a ɗaki da ƙaramar murya ta koma kiɗan biki. Biki kuwa yana son rawa.

Na taɓa tsayawa a wani bikin aure a Agadas, kuma a wurin na gane wannan canji da idona. An shimfiɗa tabarmi da darduma a tsakiyar unguwa bayan la'asar, mata a gefe ɗaya sun sha ado, maza a gefe da rawuna. Lasifika biyu ne kawai, ɗaya ta tsage, janareta yana kuka a bayan katanga. Mai jita ya murɗa sautin har ƙarshe don ya rinjayi janaretan, sautin ya fashe ya yi ƙaiƙayi. A situdiyo da na ce a tsaya a gyara. A wurin kuwa wannan fashewar ita ce daɗin. Mai ganguna irin na Turawa ya fara a hankali, yana ƙara wuta kaɗan-kaɗan, har waƙar da ta fara da tafiyar raƙumi ta koma sukuwa. Mutum biyu ko huɗu su fito su taka, su koma, wasu su fito, ana liƙa wa makaɗa kuɗi. Waƙa ɗaya ta kai minti goma sha biyar. Wannan shi ne salon Agadas, kuma ƙungiyoyi irin su Etran de l'Aïr sun shafe shekaru tun 1995 suna cin abinci da shi kafin wani Bature ya san da su.

Daga wannan fili Bombino ya fito. Sunansa Omara Moctar, an haife shi a 1980 a Tidene, kusa da Agadas. Tawayen 1990 ya kore su zuwa Aljeriya yana ɗan shekara goma, a can ya fara taɓa jita. Ya yi kiwo, ya yi zaman Libiya, yana kallon bidiyon Jimi Hendrix da Mark Knopfler yana bin yatsunsu. Laƙabin nasa daga kalmar Italiyanci ne mai nufin ƙaramin yaro, don shi ne ƙarami a ƙungiyar maigidansa Haja Bebe. Da rikici ya sake tashi a 2007 aka kashe biyu daga cikin abokan kiɗansa, ya gudu Burkina Faso. A Janairu 2010 ya dawo ya yi wasa a gindin babban masallacin Agadas. Shi ne ɗan Nijar na farko da aka sa sunansa cikin masu neman Grammy, a kyautar shekarar 2019. Hannunsa mai zaƙi ne, muryarsa siririya, kuma ko yana gudu ba ya rasa taushi. In zan ba wanda bai saba ba shawara, da shi zan ce ya fara.

Mdou Moctar kuwa wuta ne. Sunansa Mahamadou Souleymane, ɗan yankin Cintabaraden da Abalak a jihar Tawa. Gidansu gidan addini ne, ba sa son kiɗa. Ya ga Abdallah Oumbadougou yana wasa, ya koma gida ya haɗa tasa jitar da katako da wayar birkin keke, kamar yadda Ibrahim ya yi shekaru da yawa kafinsa. Bahago ne, da hagu yake kaɗawa. Ga kuma abin da zai ba ka mamaki: faifansa na farko a Sakkwato ya ɗauke shi, a 2008, a situdiyon waƙoƙin Hausa, da gangunan kwamfuta da na'urar nan mai lanƙwasa murya da muka saba ji a waƙoƙin finafinanmu. Ba a buga shi a kamfani ba. Daga waya zuwa waya ya yi ta yawo, ta Bluetooth da memori, har ya ƙetara Mali, inda wani Ba'amurke mai tattara kiɗa, Christopher Kirkley, ya ji shi ya shiga neman mai waƙar. Ka ga memori ya yi wa Mdou abin da kaset ya yi wa Tinariwen.

Yau kiɗansa ya yi nisa da na Sakkwato. Ya ɗauki takamba, wani take na yankin Gao da ake yi da tehardent da ƙwarya, ya ninka saurinsa, ya sake wa jitar linzami. Yatsansa na manuni yana karkaɗa tsirkiya da sauri kamar mai molo, hannu ɗayan yana zamewa sama da ƙasa har jitar ta yi kururuwa. Cikin su huɗun shi ne wanda za ka iya cewa kiɗan Turawa na zamani ya shiga jikinsa sosai, kuma ba ya ɓoyewa. Amma ka cire ƙarar ka saurari abin da ke ƙasa, amo gudan nan yana nan, tafin yana nan. Bakinsa kuma ba ya tsoro: yana waƙa a kan mulkin mallakar Faransa, da arzikin ƙasa da ake haƙa mutanen wurin suna cikin duhu, da harshen Tamashek da yake gudun kada ya ɓace. Juyin mulkin Yuli 2023 ya same shi yana yawon wasa a Amurka, aka rufe iyakoki, shi da abokansa suka maƙale a can na wani lokaci.

Akwai abin da yake damuna a yadda ake ba da labarin nan, shi ne mantawa da mata. Tende nasu ne, imzad nasu ne, wato kiɗan da jitar ta gada daga hannunsu ya fito, amma da jita ta zo sai ta zama ta maza. Shi ya sa nake girmama Fatou Seidi Ghali, 'yar wani ƙauye mai suna Illighadad kusa da Abalak. Da jitar yayanta ta koya wa kanta, a ɓoye. Ita da 'yan'uwanta suka kafa Les Filles de Illighadad, faifansu na farko ya fito a 2016. Abin da suka yi shi ne suka zaunar da jita kusa da turmin tende da ƙwaryar ruwa, suka mayar da tsofaffin waƙoƙin mata kan tsirkiya. Wanda yake son ya ji da kunnensa inda jitar Abzinawa ta samo takunta, ba sai an yi masa dogon bayani ba, ya saurare su.

Kada kuma hotunan manyan dandamali na Turai su ruɗe ka game da rayuwarsu. Ƙalilan ne suke fita. Mafi yawan masu jita a Agadas da Tawa da Yamai da biki da suna da taron siyasa suke ci, kayan sautin ma haya ne, in damina ta zo ko gari ya rikice sai aiki ya tsaya. Kuɗin faifai ba ya zuwa, tunda kowa ta waya yake karɓa. Wanda ya samu fita kuma yana fama da biza da kuɗin jirgi, ga dangi da yawa suna jiran abin da zai kawo. Mdou da kansa in ya dawo gida yakan koma filin biki ya kaɗa.

Tunda duk suna cikin wayarka, ga abin da za ka yi da daddare in gida ya yi shiru. Kunna Ali, kada ka bi murya, bi ƙwaryar, ka ƙirga sau nawa babban yatsansa ya bar amon ƙasa. Sai ka kunna Tinariwen ka yi tafi tare da su, za ka ji jikinka yana rangaji irin na wanda ke bisa raƙumi. Daga nan ka sa Mdou, ka yi ƙoƙarin riƙe wannan tafin, ka ga a minti na nawa zai tsere maka. In ka gama, nemo kiɗan gurmi ko na garaya na ƙasarku ka sa a bayansu.